Jan Kofin da Hajiya Kuluwa Ta Miƙa Mini a Akra

Tun a Legas ya kamata in gane. Muna sauka daga motar da ta kwaso mu daga Kano, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai tsohon ciki, sai Hajiya Kuluwa ta miƙo hannu ta ce, "Barira, kawo takardunki in adana miki. Garin nan ko inuwar mutum suka samu sacewa suke yi." Na zaro katin ɗan ƙasa da takardar rigakafi na ba ta, har da godiya. Rabona da su ke nan har yau.

Wanda bai san ta ba, 'yar kasuwa ce a Gwarzo. Duk kaka motarta sai ta shigo garinmu Durun ta kwashi dawa da zoɓo, kuma Baba yana cikin masu sayar mata. Ita ta haƙa rijiyar burtsatse a bakin Islamiyyar matan aure. In ana walimar sauka, kujerar gaba tata ce. Ita ce ta zo ta ce wa Baba wani kamfanin kayan sha a ƙasar Gana yana neman yarinya mai takardar sakandare, mai jin Turanci, wadda ta iya yin tsiro. Ni kuwa tun ina firamare nake yi wa Inna tsiron dawar da take zubawa a kunun zaƙin sayarwa. Jarrabawata ta yi kyau, abin ci gaba da karatun ne babu. Baba ya ce, "Amana ce fa, Hajiya." Ta ce, "Haba Malam Sule, 'yarka ai 'yata ce."

A Seme, bakin iyakar Najeriya da Binin, ta koya mini ƙaryar farko. Ta ce in an tambaye ni in ce ita ta haife ni, biki za mu. Wani mai kaki ya dube ni, ya dube ta, ya ce ba mu yi kama ba. Ta yi dariya ta ce ubana na ɗebo, ta dunƙula masa wani abu a hannu, muka wuce. A Kwatano na fara ganin teku. Ban ji daɗin ganin sa ba, ruwa ne da ba shi da ɗaya gaɓar, kuma ba ya yin shiru. Tsakanin nan da Lome amai ya taso mini, direba yana ta masifa da yaren da ban sani ba. Wata mata mai gicciye a wuya da ke zaune kusa da ni ta ɓare lemon zaƙi ta riƙa sa mini a hannu ɓari-ɓari, tana shafa mini baya. Ko sunanta ban sani ba. Hajiya kuwa tana gaba tana jan carbi, ko waiwaye.

A Aflawo, bakin iyakar, muka taka da ƙafa muka shiga Gana, washegari da hantsi muka isa Akra.

Unguwar da ta sauke ni, Nima, cike take da Hausawa. Ka ji kiran salla, ka ga mai tsire, ka ji ana "sannu da zuwa," sai dai Hausar tasu ta sha ruwan wani gari. Ɗakina yana bayan shagon da Hajiya ke tara buhuna, tabarma ɗaya da bokiti. Layin wayata ya mutu tun a Seme. Ta ce sai da takardu ake yankar sabo, za ta yi mini in ta samu sarari. Sararin bai taɓa samuwa ba. Ranar Juma'a take kira mini gida da wayarta, tana zaune tana jin duk abin da zan faɗa.

A bakin lungunmu akwai wata tsohuwa mai koko da ƙosai, Mma Azumi. Kakanninta daga Katsina suka zo fataucin goro, ita ko Najeriya ba ta taɓa takawa ba. Ran da na fara sayen koko ta ƙara mini ƙosai ta ce, "Baƙo ne kai, na gani a idonka. Ci ka ƙoshi." Haka suke magana, mace ma "kai" ce. Da farko abin dariya yake ba ni.

Wurin aikin wani fili ne mai katanga da rumfar kwano, can gefen gari. Aikin kuwa wanda na sani ne. In jiƙa dawa, in tsame, in baza a kan jiƙaƙƙun buhuna in lulluɓe, in riƙa yayyafa ruwa ina juyawa har ta fasa baki ta fito da farin gashi, sannan a shanya. Bambancin kawai, na Inna kwano ne, wannan buhu-buhu ne. Mai kamfanin, Mista Kofi, dogo ne mai gemu, ya yi zaman Turai ya dawo. Yakan zo ya ɗebi tsiron ya tauna, ya lumshe ido, ya ce da Turanci bai taɓa samun mai zaƙin wannan ba. Wallahi daɗi nake ji. Har nakan ce a raina, ashe abin da nake yi a bayan ɗakin Inna sana'a ce da ake ƙetare ƙasashe dominta.

Sau ɗaya na tambayi Hajiya, "Wai wane irin kunu ake yi da wannan uban tsiro?"

Ta ce, "Ke dai baƙauya ce. Baƙin lemon kwalba mai zaƙin nan da ake kai wa mai jego, da me kike zaton ake yin sa?"

Na yarda. Me zai hana ni yarda? A gidanmu tsiro na kunu ne. Ban taɓa sanin yana da wata hanyar da yake bi ba.

Wata Asabar ta kawo mini sabuwar atamfa ɗinkakkiya. Ta ce yau za a buɗe sabon abin sha da aka yi da tsirona, Mista Kofi yana so baƙinsa su ga hannun da ya yi aikin. Na ɗauko hijabi, ta ce, "Ajiye wannan buhun, mayafi ya isa. Kafa ɗaurin sosai, wurin manya za mu." Bayan azahar muka shiga tasi.

Ina so a fahimce ni a nan, don shi ne abin da mutane suka fi tambaya ta: wai ya za a yi mai takardar sakandare ta shiga gidan giya ba ta sani ba? Ni gidan giyar da na sani na cikin fim ne: rumfa mai duhu, korayen kwalabe, ƙarti suna tangaɗi suna zage-zage. Wannan kuwa tsohon sito ne aka gyara, haske ko'ina, tsaf kamar asibitin kuɗi. Dogayen tebura na katako, furanni a tukwane. A bayan gilashi ga wasu manyan tankuna na ƙarfe suna sheƙi, da bututu ta ko'ina. A jikin bango an jera famfuna, wani saurayi yana murɗawa yana tara kofi. Sama da su baƙin allo irin na aji, an rubuta sunaye da alli mai launi. Na karanta su tsaf. Na san yadda ake kiran giya da Turanci, kuma ban ga kalmar a allon ba. Sunaye ne na tsuntsaye da unguwanni, da wasu kalmomin da ba a koya mana a makaranta ba, a gefe an sa: mai cakulan, mai citta, mai tsamiya, mai abarba.

Mutanen ma ba su yi kama da abin da na sani ba. Mata da maza, baƙaƙe da Turawa, wasu da kwamfuta a gabansu, wata har da jaririnta a keken turawa. Ana kawo musu ƙananan kofuna a jere a kan katako, launi daban-daban, daga ruwan zuma har baƙi wuluk. Sai mutum ya ɗaga kofi ya duba shi a haske, ya shinshina, ya kurɓa kaɗan, ya gyaɗa kai kamar mai ɗanɗana miyar amarya. Na ji wasu a kusa da mu suna musu, wai irin wannan wuri yanzu sai buɗewa ake yi a garin, kowa da nasa haɗin, wane ya fi wane iya ɗaci, wance ta fara yi da rogo. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, warin wurin. Kamar ƙullun da ya kwana biyu ba a dama ba. Na ce, "Hajiya, ba kya jin tsami?" Ta ce, "Injinansu ne. Zauna."

Ita ruwan roba ta karɓa. Ni kuwa ta tashi da kanta ta je wurin famfo ta dawo da dogon kofi, abu ja wur a ciki, sanyi har yana zufa, da 'yar kumfa a sama.

"Ga naki. Zoɓo ne da tsironki. Zoɓon ma na garinku ne."

Tun safe ban sha ruwa ba, ga zafin Akra mai danƙo. Na karɓa da hannu biyu. Na yi bismilla. Wannan bismillar ita ta fi ci mini rai har gobe. Na kafa kai na sha wajen rabi kafin ɗacin ya biyo baya, wani ɗaci mai kama maƙogwaro da ba na zoɓo ba. Na ɗago ina yamutsa fuska, na ga mutane suna tafa mini, sai na yi murmushin kunya. Hajiya tana tsaye da waya a saitin fuskata.

Sai Mista Kofi ya ɗauki abin magana. Ya gode wa jama'a, ya nuna ni, ya ce ga gwanar da ta zo tun daga arewacin Najeriya. Ya ce yau suna alfahari da giyarsu ta farko da aka yi da dawa zalla da zoɓo.

A nan na ji kalmar. Da Turanci ya faɗe ta, sarai, ba lauje ba naɗi.

Ban san yadda na kai banɗaki ba. Na zura yatsa a maƙogwaro na yi ta kakari har sai da na ga abin ya fito ja a farin tangaran, na kuskure baki, na sake kuskurewa, na wanke harshe da sabulun wanke hannu. Kaina yana wani irin yawo. Ina kuka ina istigfari, kalmomin suna harɗewa.

Hajiya ta shigo ta rufe ƙofa, ta jingina da ita.

"To, an gama haukan?"

"Hajiya, giya ce! Giya kika ba ni! Kin sani!"

"Rage murya, 'yar nema. Ke kika fara? Kurɓa ɗaya kike wa wannan ihu kamar an yanka ki."

"Gida za ni. Ki ba ni takarduna, gobe gida za ni. Wallahi sai na gaya wa Baba abin da ake yi da dawarsa."

Ba ta yi fushi ba. Ta danna waya ta juyo mini da ita. Ga ni nan, ɗauri a kafe, mayafi ya zame, kofi a hannu, kumfa a leɓe, ina murmushi. A bayana ga famfuna, ga wani Bature ya ɗaga nasa kofin.

"Kin ga yadda kika yi kyau? Ki tafi mana. Kafin ki kai Aflawo hoton nan ya riga ki isa Durun. Guruf ɗin matan Islamiyya zan fara sa shi, sannan wayar Liman. In ce na kai ki aiki kin fi ƙarfina, kin bi 'yan duniya. Ni da ke, wa za a yarda da shi? Malam Sule da ke tsayawa sahun gaba, ki tuna da fuskarsa." Ta mayar da wayar jaka. "Share hawayenki. Litinin akwai jiƙo."

Litinin na je na yi jiƙo.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Da ina aikin da alfahari, yanzu kowace ƙwayar dawa na san inda za ta. Wasu buhunan ma na gane ɗinkin bakinsu, irin na Baba ne, da yake ninka igiya ya ƙulle ta gefe. In na kwance su sai in ji kamar rigarsa nake yagewa. In na yi salla sai in rasa ta inda zan fara roƙo. Ranar Juma'a Inna ta ce, "Barira, muryarki ta canja, ko mura ce?" Hajiya tana kallo na, sai in ce mura ce.

Ba zan ɓoye ba, na yi mugayen tunani. Na yi tunanin tuttula kananzir a shagonta in ƙyasta ashana. Na tsaya gaban mai sayar da maganin ɓera a kasuwa har ya tambaye ni nawa zan saya, na tuna shayin da nake dafa mata kullum da safe, sannan na ja ƙafata na wuce. Na ɗauki wayarta tana wanka, na rasa lambobin buɗewa, na ji kamar in jefa ta a masai, sai na tuna ta ce hoton yana wurin 'yarta ma. Ni da ko kaza ba na iya kallon yankanta, ga abin da matar nan ta mayar da ni.

Wata rana Mista Kofi ya same ni ina juya tsiro ina hawaye. Ya tambaya, na gaya masa ni Musulma ce, ban san giya ake yi ba, ban taɓa sha ba sai ranar. Mutumin nan ya cire hularsa ya zauna a kan buhu. Ya ce Hajiya ce masa ta yi gidanmu gidan masu dafa burkutu ne kaka da kakanni, wai gadonmu ne. Gidan Malam Sule! Ya ba ni haƙuri har sau nawa, ya ce zai yi mata magana. Na roƙe shi kada ya yi, don na san abin da zai biyo baya. Shi ban riƙe shi da komai ba. Sana'arsa yake yi a ƙasarsu, a fili, bai yi wa kowa rantsuwa da Allah ba. Wadda ta san Durun, ta san abin da kofin nan yake nufi a can, ita ce ta miƙa mini.

Mma Azumi ce ta fitar da ni. Ta lura na daina cin ƙosan, sai in karɓa in riƙe. Ran nan ta kama hannuna ta ja ni bayan rumfarta ta ce, "Yau sai ka faɗa mini mene ya same ka." Na faɗa. Ta yi salati, ta tofar da yawu gefe, ta ce ba ni ce farko ba, akwai waɗanda matar nan ta kawo kafin ni, da suka gane sai suka gudu, shi ya sa ni ta ɗaure ni da hoto.

Ta ce, "Wanda an yaudare shi ya sha, Allah ba ya kama shi. Ko yaro ya san wannan."

Na ce, "Mma, mutanen garinmu ba hukunci za su tambaya ba. Hoto za su kalla."

Ta ce, "To zauna nan har ka mutu saboda hoto. Uwarka ta haife ka don ka yi wa wannan tsinanniya bauta?"

Da Hajiya ta tafi biki Kumasi, Mma ta haɗa ni da wata 'yar ɗakinta mai kai kaya Agege ta Legas. Ta ƙulle mini ƙosai da gari a leda, ta cire zoben azurfa daga yatsanta ta sa mini, ta ce in hanya ta ƙare mini in sayar. Ba takarda ko ɗaya a hannuna. A kowace iyaka 'yar ɗakin Mma takan ɗora mini ƙunshin kaya a ka, mu bi ta lungu cikin 'yan dako, kaina a ƙasa. A Seme wani ya tare mu ya ce in ɗago fuska. Ta zazzaga masa Yarbanci har ya gaji ya kauce. A Agege na sayar da zoben na hau motar Kano.

Duk tsawon hanyar nan abu ɗaya nake lissafawa: hoton ya isa ko bai isa ba? Da na sauka a Kabo na riƙa duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai acaɓan da ya ɗauke ni ya ce, "A'a, 'yar Malam Sule, mutanen Gana! Ina tsarabarmu?" Sai na yi hamdala a raina. Bai isa ba.

Ashe Hajiya ta fi ni wayo. Ta riga ta kira Baba ta ce kewar gida ce ta dame ni, ita ta sa ni a mota in zo in huta, bayan salla za ta koma da ni. Da yamma ta kira wayar Inna ta ce a ba ni. "Kin isa lafiya, 'yata? Ajiyarki tana nan wurina, ban taɓa ba. Ki huta sosai." Na ce to.

Haka na zauna a gidanmu kamar ɓarauniya. Inna ta jiƙa dawa ta ce in taya ta, ina jin warin na fita da gudu na yi amai a bayan ɗaki. Ta bi ni da wani irin kallo, na san abin da ya zo mata a rai, na rantse mata ba shi ba ne. In waya ta yi ƙara a gidan sai in tsaya cak ina saurare. In mata biyu suka yi ƙus-ƙus a bakin rijiya sai in ce shi ke nan.

Ana saura kwanaki kaɗan azumi aka ce Hajiya Kuluwa za ta Umra. Kun san al'ada, mai tafiya ƙasa mai tsarki sai ya bi gida-gida ya yi sallama ya nemi yafiya, don kada ya tsaya gaban ɗakin Allah da haƙƙin wani a kansa. Kowa kuma ya san amsar: "Ba ki yi mana komai ba, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ba a taɓa jin wanda ya ba da wata amsa ba.

Da la'asar ta shigo gidanmu cikin farin mayafi, ƙamshin turare ya riga ta. Matan maƙwabta suka biyo ta, aka cika tsakar gida. Inna ta shimfiɗa mata darduma. Baba yana zaure. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da gajiya da sanyi, ta raba dabino. Sannan ta tattara murya ta ce, "To jama'a, tafiya ta zo. Zaman tare sai da saɓani. Wanda na yi wa ba daidai ba, da sanina ko ba da sanina ba, ya dubi Allah ya yafe mini."

Aka amsa gaba ɗaya. Ta juyo gare ni tana murmushi. "'Yata Barira, ke fa? Ban ji bakinki ba."

Ina tsugune a bakin murhu. Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba. Na dai ga farin mayafin nan, na tuna za ta je ta kama tufafin Ka'aba da hannun da ta miƙa mini kofi.

Na ce, "Ban yafe ba."

Inna ta ce, "Ke! Kin yi hauka?"

Na miƙe. "Ban yafe ba, Hajiya. Duniya da lahira ban yafe ba. Kin kai ni gidan giya kin ce kamfanin lemo ne. Kin sa na yi musu tsiro. Kin ba ni giya da hannunki kin ce zoɓo ne, na yi bismilla na sha, kika ɗauke ni hoto kika ɗaure ni da shi kamar akuya."

Wata ta saki salati. Hajiya ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Kun ji sharri! Yarinyar nan asiri nake rufa mata. In na nuna muku abin da ke cikin wayar nan..." Ta zaro ta, ta ɗaga.

Na ce, "Nuna musu. Don Allah nuna musu. Sai ki gaya musu wa ya ɗauka, kuma me Hajiya mai rijiyar Islamiyya take yi a wurin a tsaye."

Hannunta ya tsaya a sama. Kowa ita yake kallo, ba ni ba. A hankali ta sauke wayar ta tura a jaka.

Sai muka ji gyaran murya. Baba ya shigo, bai ko yi sallama ba, abin da bai taɓa yi ba in akwai matan mutane. Bai dubi Hajiya ba, ni ya duba.

"Da dawar wa aka yi?"

"Da taka, Baba. Da ta mutanen garin nan."

Ya juya ga Hajiya. Sannan ya ce, "Hajiya, Allah ya kai ki lafiya. Amma in kina ƙirga gidajen da suka yafe, ki tsallake wannan."

Ranar da jirginsu ya tashi hoton ya fito, daga wata lambar da ba a sani ba. Kafin magariba ya zaga Durun, ya kai Kabo, har 'yan ajinmu da ke aure a Madaɗi sun gani. Ba zan ce bai yi mini ciwo ba. Akwai gidajen da suka daina aiko yara sayen kunun Inna. Akwai masu cewa ko an yaudare ta, ai ga ta tana dariya. Wani maƙwabcinmu, don neman suna, ya kai wa Baba har zaure ya nuna masa. Ina bayan ƙyaure ina ji. Baba ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya miƙa masa abarsa, ya ce, "Ta rame."

Har yanzu ba na iya barci sosai, kuma ban sake taɓa tsiro ba. Amma na ji an ce manoma sun yi magana a masallaci, bana motarta ba za ta ɗauki ko tiya ɗaya a garin nan ba.

Cikin goman tsakiya na azumi saƙon murya ya shigo wayar Inna daga Madina. Ciwo ya kwantar da ita a can, hawan jini, ɓarin jikinta ɗaya ya yi nauyi. Muryar ta shaƙe, tana kuka. Wai ta yi mafarkai marasa kyau. Wai a gaya wa Barira ta dubi girman watan nan da girman wurin da take, ta ce ta yafe, ko da kalma ɗaya ce a turo mata.

Inna ta share hawaye ta ce, "Ki yafe mata, 'yar nan. Mai yafiya shi ke da riba. In ta mutu a can fa?"

Na ce, "Inna, in Allah ya tashi kafaɗunta, ta dawo ta tsaya a Islamiyyar nan, gaban matan da suka ga hotona, ta faɗa da bakinta abin da ta zuba a kofin. Ranar zan duba."

"In kuma ba ta tashi ba?"

Na miƙa mata wayar. Na ce, "To ta jira ni a gaban Allah. Ina da maganar da zan yi."